Chèque Santé a Arewacin Kamaru: Abin da Jaka Shida Ke Saya wa Mai Ciki, da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Duk mai ciki da ke zaune a Garwa, Marwa, Ngaundare ko ƙauyukan da ke kewaye da su, shawararmu ita ce ta sayi Chèque Santé, wato cek ɗin lafiya da ake biyan kuɗin awo da haihuwa da shi tun kafin lokaci, kuma ta saye shi tun ciki yana wata uku, ba sai ya tsufa ba. Kuɗinsa sefa 6,000 ne, jaka shida ke nan, biya ɗaya. A duk hidimomin lafiya da ke yankin nan da wuya a sami wanda talaka zai biya kaɗan ya karɓi da yawa kamar wannan. Amma a san abin da aka saya. Cek ɗin yana biyan kuɗin abin da za a yi wa mace bayan ta shiga ƙofar asibiti, alhali yawancin abin da ke sa 'ya'yan talakawa su zo duniya da ƙarancin nauyi, ko su zo bakwaini, ko su zo babu rai, tun daga gida yake farawa, watanni kafin naƙuda.

An fara shirin ne a 2015 a jihohi uku na arewa, wato Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin kuɗi daga Faransa da Jamus. Daga baya, da aka ƙaddamar da kashin farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa a watan Afrilun 2023, aka shigar da shi cikinta. Ba haka kawai aka fara da arewa ba. Ƙididdigar gidaje ta 2014 ta nuna talauci ya kai kashi 74 cikin ɗari a Arewa Mai Nisa, kusan 68 a jihar Arewa, yayin da na ƙasa baki ɗaya yake 37.5. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 69 na haihuwa a Kamaru ma'aikacin lafiya ne ke karɓa, amma a Arewa da Arewa Mai Nisa adadin bai kai rabi ba. A binciken dai, jarirai 28 cikin kowane 1,000 ba sa cika wata ɗaya a duniya.

A takarda, jaka shidan sun haɗa da awo sau huɗu da gwaje-gwajensa, hoton ciki sau ɗaya (wanda mata ke ce wa eko), haihuwa, tiyata idan ta kama, maganin matsalolin da ciki ko haihuwa suka jawo, ɗaukar mace daga ƙaramar cibiya zuwa babban asibiti idan abu ya gagara, sannan kula da mai jego da jaririnta har kwana 42. Cek ɗin yana aiki ne kawai a cibiyoyin da aka amince wa, don haka kafin a miƙa kuɗi a tabbatar cibiyar da ke kusa da gida tana ciki, kuma a tambayi wane asibiti take tura marasa lafiya.

Babban abin da ya sa muke yaba shi shi ne maganar tiyata. Wanda bai zauna da magidanta a lokacin doguwar naƙuda ba ba zai gane yadda tsoron kuɗi ke kashe lokaci ba. Mace ta kwana tana fama, ungozomar unguwa ta ce a tafi asibiti, maigida ya yi shiru yana lissafi: idan aka ce aiki za a yi, tunkiya ce za ta tafi ko buhun dawar da aka ajiye don damina? Sai a ce a ɗan ƙara dubawa, a kawo rubutu, a jira wan miji ya dawo daga kasuwa. Awanni shida ko goma da suke tafiya a wannan lissafin su ne sau da yawa ke raba jariri mai kuka da wanda aka ciro ya riga ya mutu, kuma daga nan ne yoyon fitsari ke samun mata, domin kan yaro ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu. Idan cek yana cikin jakar mace, wannan lissafin ya faɗi. Maigida ya san an riga an biya, kuma mutum ba ya son kuɗinsa su tafi a banza, sai ya ce a tafi. Ko da wannan kaɗai shirin yake yi, ya ci kuɗinsa.

Sai dai akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: mutane sun ɗauki cek a matsayin tikitin haihuwa. Ana saye a wata na bakwai ko na takwas, a yi awo ɗaya, a jira naƙuda. Wanda ya yi haka ya zubar da rabin abin da ya biya, kuma rabin da ya fi amfani ga jariri. Dalilan jinkirin sanannu ne. Mai cikin fari tana jin kunya, ba ta faɗa wa kowa sai ciki ya fito. Wata tana tsoron baki da sammu. Wata kuma jaka shidan ne ba su samu ba, domin cikin ya faɗo a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin auduga kuma sai bayan kaka. Ga gidan da ke auna hatsi kwano-kwano a wannan lokaci, sefa 6,000 a dunƙule ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ne shirin ya fi rauni: waɗanda suka fi kowa buƙatarsa su ne suka fi makara wajen saye. Matan da ke adashi ko asusun unguwa sun fi samun sauƙi, don ana iya ba mai sabon ciki kwasar farko.

Bari mu tsaya a kan abin da awo da wuri yake hanawa, tunda nan ne talauci ke shiga jikin ɗan tayi.

Na farko zazzaɓin cizon sauro. Mai ciki tana iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da jikinta ya yi zafi ba. Ƙwayoyin suna taruwa a mabiyiya, su toshe hanyar da abinci da iska ke bi zuwa ga yaro, sai a haife shi ƙasa da kilo 2.5 ko da watanninsa sun cika. Masu cikin fari da na biyu abin ya fi kamawa. Rigakafinsa fansida ne, ƙwaya uku a lokaci guda, a sha a gaban ma'aikaciya. Ana farawa daga mako na 13, a bar tazarar wata ɗaya tsakanin kowane sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda ta fara awo a wata na takwas sau ɗaya ko biyu kawai za ta samu, kuma ɓarnar ta riga ta auku, musamman idan tsakiyar cikin ya faɗo tsakanin Agusta da Oktoba. Macen da ke shan kotirimokzazol saboda cutar HIV ba a ba ta fansida, don haka ta faɗa wa ma'aikaciya. Gidan sauro mai magani kuma a rataye shi tun daren da aka karɓa, ba a ajiye wa jariri ba.

Na biyu ƙarancin jini. A awo na farko dole a auna jini a rubuta lamba a katin awo. Ƙasa da 11 ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 kuwa hatsari ne. Duba farin ido da tafin hannu kaɗai bai isa ba, kuma idan cibiya ba ta rubuta lamba ba, a tambaya. Jan maganin ƙarin jini ƙwaya ɗaya ce kullum har a haihu, a ci gaba bayan haihuwa. Mata da yawa suna dainawa saboda tashin zuciya, ko don sun ga bayan gida ya yi baƙi, ko don an ce musu yana sa yaro ya yi ƙato ya ƙi fita. Baƙin bayan gida ba illa ba ne, tashin zuciya yana raguwa idan aka sha da dare bayan an ci abinci, maganar ƙaton yaro kuma ba ta da tushe. Abin da ke rage masa ƙarfi da gaske shi ne shayi. A yankin da ake kurɓar shayi safe da yamma, a raba shi da maganin da kamar awa biyu. Macen da ta shiga naƙuda da jini 7 ko 8 ba ta da abin da za ta jure zubar rabin lita da shi, alhali mai jini 12 za ta zubar da hakan ta tashi.

Cek ba ya sayen abinci, kuma ma'aikaciyar da ta ce wa matar talaka ta riƙa cin nama da ƙwai kullum ta yi magana ne kawai. Abin da zai yiwu shi ne wake, gyaɗa, zogale, tafasa, yakuwa, da ƙananan busassun kifin Lagdo ko Maga a daka su da ƙayarsu a zuba a miya, sannan a ƙara mata ci ɗaya a rana a kan na gidan. A gidaje da yawa mai ciki ce ke cin abin da ya rage bayan an fitar da kwanon maza da na yara, ita ce kuma ke daka, ɗiban ruwa, da dashen masakwa a duƙe cikin rana har wata na takwas. Malam maigida, wannan ɓangaren naka ne, babu cibiyar da za ta yi maka shi.

Na uku hawan jini. A kowane awo sai an ɗaura abin awon jini a hannu, an kuma gwada fitsari. Idan ya kai 140 bisa 90 bayan wata na biyar, musamman da furotin a fitsari, mace tana kan hanyar jijjiga. Idan ya kai 160 bisa 110, ba gida za ta koma ba. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk alamun a tafi yanzu ne, ko da tsakar dare. Jijjiga ta fi kama ƙananan 'yan mata masu cikin fari, kuma binciken 2018 ya nuna kashi 24 na 'yan shekara 15 zuwa 19 a ƙasar sun haihu ko suna da ciki. Har yanzu idan yarinya ta fara taune-taune akwai gidajen da hayaƙi da tofi ake fara nema, a ce iska ce. A yi addu'ar a kan hanya. Maganinta allurar magniziyam salfet ce, kuma cibiyar da ba ta da ita a kabad bai kamata a ce tana karɓar haihuwa ba.

Akwai gwaji ɗaya da ake yawan tsallakewa, na ciwon tunjere. Mace ba ta jin komai, amma yana kashe yaro a ciki, maganinsa kuwa allurar penisilin ce mai arha, ita da mijinta. Wadda ta taɓa haihuwar ɗa babu rai ta nace a yi mata. Allurar rigakafin tsinkau-tsinkau kuma biyu ce ga wadda ba ta taɓa yi ba, tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa.

Awo huɗu ya yi kaɗan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma cewa takwas, domin hawan jini da raguwar girman yaro a watannin ƙarshe suke bayyana, kuma tazarar wata biyu tsakanin awo da awo tana ba su damar wucewa ba a gani ba. Eko ɗaya ma haka. Idan ɗaya ne tak, ya fi amfani kafin mako na 24, don a san ainihin kwanakin ciki da ko tagwaye ne. Yawancin mata suna ajiye shi sai ƙarshe don a gaya musu mace ce ko namiji. Kwanciyar yaro a wata na tara ƙwararriyar ungozoma tana ganewa da hannu. Tef ɗin da take aunawa da shi daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa ma yana magana: daga mako na 24 zuwa 36, santimita kusan daidai suke da makonni, ciki mai mako 30 ya ba da 28 zuwa 32. Idan ya tsaya wuri ɗaya a awo biyu a jere, yaro ba ya girma.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi. Tsarin shi ne cibiya ta yi aiki, ta tura takardu, a biya ta daga baya. An sha kokawa kan jinkirin wannan biya, kuma idan ya yi tsawo, kantin maganin cibiya yana bushewa. Sakamakon a kan mace yake sauka: tana riƙe da cek, a rubuta mata takarda a ce ta sayo safar hannu, ruwan ƙari ko zaren ɗinki a waje. A wasu wuraren kuma mai cek tana ganin an fi sakar wa mai biya a hannu fuska. Ba ko'ina ba ne, kuma bambancin cibiya da cibiya yana da girma ƙwarai, shi ya sa zaɓen wurin ya fi sayen takardar muhimmanci. A tambayi matan unguwa da suka haihu a wurin cikin 'yan watannin nan ko an sa su sayen wani abu. A ranar awo a duba da ido: akwai ma'aikaci da ke kwana? Akwai fitila idan wuta ta ɗauke, ko da tocilan waya ake ɗinki? Akwai ruwa a ɗakin haihuwa? Firji yana aiki? Wannan na ƙarshen ba ƙawa ba ne. Allurar oksitosin da ake yi wa mace cikin minti ɗaya bayan fitowar yaro don mahaifa ta tsuke, sanyi take so, kuma a zafin Afrilu na Marwa ko Kuseri, inda ake haura digiri 40, wadda ta yi watanni a kan tebur ƙarfinta ya ragu. A kuma leƙa ko akwai 'yar jakar hura wa jariri iska a kusa da gadon haihuwa, ba a kulle a ofis ba, domin yaron da bai yi kuka ba minti ɗaya ake da shi a fara hura masa.

Jini ma haka. Ko takarda ta ce an biya, idan babu leda a firjin asibiti dangi ne za su bayar. Tun a awo na farko a san rukunin jinin mace, a tanadi mutum biyu daga dangi ko maƙwabta da suka yarda, a riƙe lambar wayarsu.

Sai hanya. Motar da cek ya ɗauki nauyi daga cibiya take tashi, ba daga ƙofar gida ba. Tsakanin gida da cibiya kuwa mai mashin ne, kuma farashin dare ba na rana ba ne. Da damina, idan mayo, wato rafi, ya kawo ruwa, ƙauyen da ke da nisan kilomita 10 yana iya yankewa kwana biyu. A yankunan Mayo-Danay da Logone-et-Chari na Arewa Mai Nisa ambaliya tana rufe hanyoyi na makonni, kamar yadda aka gani a Yagwa a 2024. A sassan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga kuma, tun da rikicin Boko Haram ya tsallako a 2014, fita da dare kanta hatsari ce, wasu cibiyoyin ma sun taɓa rufewa. Ga macen da ke irin waɗannan wurare, musamman mai cikin fari, mai tagwaye, wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko wadda ta haihu biyar zuwa sama, dabara ɗaya ce: ta koma gidan dangi kusa da asibitin da ke yin aiki tun ciki ya shiga wata na tara. Al'adar goyon ciki tana iya taimakawa idan gidan iyaye a gari yake, tana kuma iya cutarwa idan daga gari aka ɗauke yarinya aka kai ta ƙauye, nesa da cibiyar da ta san tarihin cikinta. Duk inda za ta, katin awo da cek su bi ta. Maigida mai tafiye-tafiye kuma ya bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan a tafi da ita, ya bar kuɗin mashin a hannun matar ba a hannun wani ba.

Ungozomomin gargajiya ba abokan gaba ba ne a wannan lamari, don su mata ke fara kira. Wadda ta rako mace asibiti da wuri ta yi aikin lada. Abin da ya kamata a rabu da shi shi ne jiƙe-jiƙen ƙara naƙuda da danna ciki da hannu, don suna iya fasa mahaifa, da kuma yankan gishiri.

Ɓangaren da aka fi bari ya tafi a banza shi ne kwana 42 na bayan haihuwa, wanda ya zo daidai da zaman arba'in, lokacin da al'ada ta ce mai jego ba ta fita. Amma yawancin jariran da ke mutuwa a watan farko a makon farko suke tafiya. A zauna a cibiya awa 24 bayan haihuwa, a dawo a rana ta uku, a sake dawowa tsakanin ta bakwai da ta goma sha huɗu, sannan a mako na shida. A sa yaro a nono cikin awa ɗaya, kada a matse dakashi a zubar, kada a yi masa wanka sai ya kwana. Cibiyar jariri a bar ta a bushe ko a sa maganin da asibiti ya bayar, ban da toka, man shanu ko man goge baki. Bakwaini ko ɗan ƙasa da kilo 2.5 ba lallai sai kwalba ba: a kwantar da shi tsirara da hula da ƙyalle a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, yawancin awannin dare da rana, kaka ko uba su karɓe ta idan ta gaji. A lokacin hunturu wannan ɗumin shi ne ransa. Yaron da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko yana numfashi sama da 60 a minti, ko tafin ƙafarsa ya yi rawaya, a kai shi a ranar, ba sai bayan suna ba, kuma cek ya biya.

Ita ma uwar a lura da ita. Jini mai jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, zazzaɓi, ko wari daga gaba, duk na komawa asibiti ne. Kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa ba su dace da wadda aka ce tana da hawan jini ba. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda ke zuwa da kumburin ƙafa da haki idan an kwanta. A zuwan mako na shida kuma a yi maganar tazara, miji yana wurin in da hali. Shawarar masana ita ce a bar wata 24 kafin wani cikin, domin kwanika a jikin da bai mayar da jininsa ba ita ce ke kawo bakwaini na gaba, kuma sabon ciki sabon cek yake buƙata, wasu jaka shidan daban.